Wat Biyar Ba Su Ci Amanarka Ba

Yarona,

Saƙonka ya iso, na kuma bi rahoton da alƙalan gasa suka aiko maka layi bayan layi. Ka ce ka shiga gasar CQ World Wide ta masu rediyon sha'awa, ta bugun Mos (saƙon ɗigo da dogon sauti), a ƙarshen Nuwamba da na'ura mai ƙarfin wat 5 da eriyar waya, ka kwana biyu kana fama, ka rubuta tashoshi 140 a kundinka, sai ga shi an soke 19, an kuma yanke maka maki. Tambayarka ita ce: "Malam, in bar rukunin QRP na masu ƙaramin wuta ne in koma wat 100, tunda ga alama ba a ji na?"

Ba zan hana ka wat 100 ba, na'urarka ce. Amma kafin ka murɗa ta, sake duba takardar. Tashoshi 121 sun ji ka, sun rubuta lambar kiranka daidai, har da na Japan da Brazil. Wanda ba a ji ba ya samun haka. Cikin sha taran da aka soke, sha ɗaya an rubuta musu NIL, wato ba ka cikin kundin wancan mutumin. Biyar ka kuskure lambar kiransu, uku kuma ka rubuta shiyyar da ba tasu ba, wato lambar yankin duniya da ake musaya a gasar. Waɗannan takwas ba ruwansu da ƙarfin na'ura, a kunnenka da yatsunka aka yi ɓarnar, ko kilowat ka kunna kunne ba zai ƙara kaifi ba. Na lura uku daga cikin biyar ɗin cuta ɗaya ce: ɗigo uku S ne, huɗu H, biyar kuma lamba 5, kai kuwa da zarar mai bugu ya yi sauri sai ka yar da ɗigo guda a hanya. Haka B take da 6, V da 4. Maganin wannan atisaye ne, minti goma sha biyar kullum, ba sai na ja ba.

Sha ɗayan nan ne abin zama a yi magana, kuma na san yadda suka faru ko da ban ga lokacin ba, don ruwa ba ya tsami banza. Ka tarar da babbar tasha tana kiran CQ, wato tana neman duk mai amsawa, mutane sun yi mata cincirindo. Ka buga lambarka. Cikin kwaramniya ka ji ya amsa wa wata lamba mai haruffa biyu irin naka, ya bi ta da 5NN, wato rahoton cewa sigina ta fito sarai, da shiyyarsa. Zuciya ta ce maka kai ne. Ka aika naka rahoton, ka ji ya buga TU, wato na gode, ka rubuta, ka wuce kana murna. Shi kuwa bawan Allah da wani yake magana, kai ka yi ta bugu ne a ƙarƙashin muryar wancan. Mai ƙaramin wuta ya fi kowa faɗa wa wannan rami, saboda ya daɗe yana jira a amsa masa, kunne kuwa in ya matsu yakan ji abin da yake so.

Dokar da aka ɗora ni a kai, ita nake ɗora ka: ba a rubuta QSO, wato magana tsakanin tashoshi biyu, sai ka ji lambarka cikakkiya daga wurinsa, tun daga harafin farko har na ƙarshe. In ya bugo ta da kuskuren harafi ɗaya, kada ka ba shi rahoto tukuna. Sake buga lambarka, sau biyu in ta kama, sai ya gyara, sannan ka sallame shi. Da zarar ya karɓi 5NN daga gare ka ya gama da kai, ya wuce, lambar da ya riƙe ta shiga kundinsa ke nan. In kuma ya bugo guntun lamba da alamar tambaya, kuma haruffan ba naka ba ne, ɗauke hannunka daga maɓalli.

Ka yi lissafin abin da zato yake ci maka. A wannan gasa tashar wata nahiya maki 3 ce. In ta fito NIL, ko ka kuskure lambar, za a cire ukun, a ƙara maka tarar ninkinsu biyu, wato 6. Tara ke nan sun tafi, daidai da tashoshi uku na ƙetare da ka sha wuya kafin ka samu. Kuma ka tuna jimillar maki ana ninka ta ne da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango na rediyo, kamar mita 20 ko mita 40, don haka tarar ma ninkuwa take yi. In kana shakkar wata magana, tsarin Cabrillo da ake tura kundi da shi yana da mafita: ka mayar da farkon layin X-QSO. Ba za a ba ka maki a kai ba, ba za a ci ka tara ba, layin kuma yana nan in wancan mutumin ya rubuta ka. Wanda ka yi magana da shi sau biyu a zango ɗaya kuwa, bar shi a kundi, kada ka goge, ba a cin tara a kan maimaici.

To, mu koma kan wutar. Daga wat 5 zuwa 100 ninki ashirin ne, a baki abin da girma. A kunne kuwa desibel 13 ne. Ma'aunin S na ƙarfin sigina da ke fuskar rediyonka kowane mataki nasa desibel 6 ne, wato sai ka ninka wuta sau huɗu kafin allura ta hau mataki guda. Ke nan wanda ake ji S8 da wat 100, da wat 5 za a ji shi wajen S6, kuma S6 magana ce sarai in hanya a buɗe take. Ba na cewa desibel 13 ba komai ba ne. A zangon mita 80 da 160, inda ƙarar yanayi take da yawa, su ne tsakanin a ji ka da kada a ji ka, kuma a cikin cincirindo mai ƙarfi ne ke fara shiga. Sai dai a mita 15 da mita 10, ranar da sama ta yi kyau, da wuya wancan ya gane cewa wat 5 ke hannunka.

Kada ka ɗauki maganata, je ka saurara da kanka. Akwai tashoshin alama guda 18 da ƙungiyoyin masu rediyo NCDXF da IARU suka baza a duniya, suna karɓa-karɓa a kan 14.100 da 18.110 da 21.150 da 24.930 da 28.200 megahaz. Kowace tana da daƙiƙa goma, zagayen kuma yana cika duk minti uku. Akwai 4U1UN a Niyok, OH2B a Finlan, 5Z4B a Kenya, ZS6DN a Afirka ta Kudu. Kowace takan buga lambarta da wat 100, sannan ta ja dogon sauti sau huɗu: na farko da wat 100, na biyu da 10, na uku da 1, na huɗu da kashi ɗaya cikin goma na wat. Ranar da na fara jin na huɗun nan daga wata nahiya, na daɗe zaune ban taɓa komai ba. Tun ran nan na bar ɗora wa wuta laifin da ba nata ba.

Inda wat ɗinka suke zubewa da gaske shi ne tsakanin rediyo da sama. Ka ce da siririyar waya RG-58 kake kai wuta ga eriya. Mita 30 na wannan waya a zangon mita 10 tana cinye kusan kashi 40 cikin ɗari, ka ga wat 3 ne suke isa, ba 5 ba. Rage tsawonta ko ka nemi mai kauri. Eriyar ma ɗaga ta. Mai fukafukai biyu ta zangon mita 20 tsawonta wajen mita 10 ne, tana kuma son a rataye ta sama da ƙasa da kamar mita 10, rabin tsawon igiyar zangon. In ta yi ƙasa da yawa sai ta riƙa harba wutar sama tsaye, mai neman nesa kuwa ƙasa-ƙasa yake son ta fita, don tsalle ɗaya daga rufin F na samaniya, mai dawo da sigina ƙasa, ba ya wuce kilomita 4,000, kowane ƙarin tsalle kuma yana da kuɗin fito da ake biya da ƙarfin sigina.

Sauran dabara ce ta lokaci. Gasar awa 48 ce. A awannin farko manyan tashoshi suna da masu kira fiye da buƙata, ba mai haƙurin tono ka daga ƙasa. Ran Lahadi kuwa sun gama da masu ƙarfi, suna ta kiran CQ ba mai amsawa, a lokacin har roƙonka za su yi ka maimaita. Su ke da dogayen hasumiyoyi da manyan eriyoyi, bar su su yi maka rabin aikin. Kai bi zango kana tsinta, kada ka kafa wuri kana kira. In ka buga sau uku ba a amsa ba, ajiye gurbin a ma'adanar rediyo ka dawo bayan minti goma. Hau can saman zango inda cunkoso ya ragu. In kowa ya sauka a kan sauti ɗaya, kai goce kaɗan, kamar haz 50 sama ko ƙasa, sai sautinka ya fita daban a kunnensa. Ka kuma tsare mita 40 lokacin fitowar rana da faɗuwarta, sa'ad da rufin D na samaniya mai shanye sigina bai kankama ba ko ya fara bajewa. Abu ɗaya kuma don Allah ka bari: liƙa QRP a wutsiyar lambarka. Ba ya cikin lambar da ke kan lasisinka, ba ya jawo tausayin kowa, ƙarin haruffa ne kawai da za a iya kuskurewa.

Game da kundin kansa, agogo ne farko. Da agogon GMT ake rubutu, wanda muke kira UTC, kwanan wata ma nasa ake bi. Ni kaina na taɓa cin wannan duka. Zamanin da muke rubutu da fensir, da wata babbar takarda a gefe ta duba wanda aka riga aka yi magana da shi, na yi dare guda cur ina rubuta lokaci da agogon hannuna. Sai da katunan QSL, na tabbatar da magana, suka fara dawowa da rubutun "ba ka cikin kundina" na gane abin da na yi, cikinsu har da wata ƙasa da na shekara ina nema. Yanzu kwamfuta ke rubutawa, amma ita ma agogonta yakan zame, daidaita shi kafin a fara. Ka haɗa rediyo da ita ta riƙa ɗaukar zango da kanta, domin mantuwar canja zango a kundi tana kashe magana mai kyau. Wannan zai bi ka har bayan gasa: Logbook of the World, ma'ajiyar kundi ta intanet da ƙungiyar masu rediyo ta Amurka, ARRL, ta buɗe a 2003, ba ta tabbatar da magana sai lamba da zango sun dace, lokacinku kuma bai saɓa da fiye da minti 30 ba. Da irin wannan tabbaci ake tara ƙasashe 100 na takardar yabo ta DXCC, daga cikin ƙasashe da yankuna 340 da ke jerin. Cabrillo na alƙalai ne, naka kundin na dindindin ka fitar da shi a tsarin ADIF, ka ajiye a wuri biyu.

Ka riƙa naɗar sautin gasar gaba ɗaya. Ba don ka gyara kundi da shi ba, dokar CQ ta hana gyaran lambobi bayan an tashi, ko da naɗi ko da binciken intanet, abin da kunnenka ya kama a lokacin shi ne naka. Amfaninsa sai rahoto ya fito: ka nemi mintin kowane NIL ka saurara da hutaccen kunne. Za ka ji lambar da mutumin ya buga a zahiri, za ka ji kunya, ni ma na ji.

Gasar WPX ta Mos tana ƙarshen Mayu, can kuwa lambar jeri ake musaya, babu shiyyar da kwamfuta za ta cike maka, sai abin da ka ji. Ka shige ta da wat biyar ɗinka. Kafin nan ga aiki: mako guda, safe da yamma, zauna a kan 14.100 da 21.150 na minti shida-shida, ka rubuta kowace tashar alama da ka ji, da lokacin UTC, da sauti na nawa ne ya ɓace maka. In ka zo ka taho da takardar, ka kuma auno mini tsawon wayar nan taka daga bayan rediyo har gindin eriya.

73, wato fatan alheri.