Yaro ya ci karo da katanga a kan hoverboard

Hajiya, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce wuyan hannunsa ya kumbura, ko a kai shi wurin mai ɗori? Don Allah a fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Abin nan hoverboard, allon lantarki mai taya biyu da ake tsayawa a kai, da tayarsa ta daki wani abu cak yake tsayawa, mutum ya yi gaba, hannu ya tari ƙasa. Ƙanena a nan Garwa turken lantarki ya daka. Hoton farko bai nuna komai ba, sai bayan kwana 10 tsagewar ta bayyana a gindin babban yatsa.

In kansa ya bugu, yana amai ko yawan barci, kada ki jira gari ya waye.