Amsa: A tilasta wa inshora biyan jinyar masu shaye-shaye?

Malam, ka tambaya ko adalci ne a tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya biyan kuɗin jinyar mai shaye-shaye, tunda shi ya jefa kansa. Ni dai a ganina adalci ne.

Likitoci na ɗaukar kamuwa da ƙwaya a matsayin cuta mai daɗewa, ta lafa ta dawo, kamar ciwon suga. Mai ciwon suga da ya ƙi kiyaye abinci ai ba a hana shi magani.

Amurka ta bi wannan hanya. A 2008 aka yi dokar da ta ce in inshora tana biyan jinyar tabin hankali da shaye-shaye, kada ta gindaya mata sharuɗɗa masu tsauri fiye da na sauran cututtuka. Sai dokar Obamacare ta 2010 ta sa wannan jinya cikin abubuwa 10 da dole inshorar ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan ma'aikatu su ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne izinin da kamfani ke cewa a nema kafin a fara magani. Mutum ya yanke shawarar dainawa yau, jiki na karkarwa, gumi na zuba, yana amai, sai a ce ya jira kwanaki kafin a amince masa da buprenorphine, maganin da ke rage wa mai daina ƙwaya wannan wahala. Kafin amsa ta iso ya koma wurin dillali. Shi ya sa ya kamata doka ta hana wannan jan ƙafa.

Kuɗin inshora da ake biya duk wata na iya ɗan ƙaruwa, gaskiya ne, amma kamfanin da ya ƙi biyan jinyar shi zai biya kuɗin ɗakin gaggawa da na ciwon hanta daga baya.