Amsa ga malamin jami'a mai neman tallafin bincike a waje: kada ka ajiye aikinka tukuna

Assalamu alaikum Malam. Saƙonka ya iso mu. Ka ce kai ƙaramin malami ne a wata jami'ar gwamnati a Arewa, kana da digiri na biyu, ka yi rajistar na uku amma rashin kuɗin fita aikin bincike ya tsayar da kai, har kana tunanin ajiye aiki ka nemi hanyar fita waje tunda an ce a can ake raba kuɗin. Ka kuma tambaya ko akwai abin da ya shafi koyarwa da rubutu da fim, saboda abokanka. Mu da ke amsa maka muna aiki ne a jami'o'in Ingila da Jamus.

Kada ka ajiye aikin. Galibin ƙofofin da za mu ambata a buɗe suke gare ka ne saboda kana da jami'a a gida. Ranar da ka miƙa takardar ajiye aiki, ranar ka koma ɗaya daga cikin dubban masu neman gurbi daga ko'ina a duniya, ba ka da wanda zai sa hannu a madadinka, ba ka da inda za a zuba kuɗin.

Abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai sukolashif, wanda ake ba ɗalibi ya yi karatu. Akwai gurbin aiki a ƙarƙashin kuɗin da wani farfesa ya riga ya samo, kamar yadda ake ɗaukar masu digiri na uku a Jamus da albashi, wannan neman aiki ne da takardu da intabiyu. Sai tallafin bincike na ainihi, wanda yawanci ba mutum ake ba ba, jami'arsa ake ba, ita ke sa hannu a yarjejeniya, ita ake tuhuma in lissafi ya ɓace. Wanda bai rarrabe ukun nan ba sai ya rubuta labarin talaucinsa inda ake jiran tsarin bincike, ko ya rubuta wa farfesa yana roƙon kuɗin da farfesan ba shi da ikon bayarwa.

Fara da gida. Asusun TETFund, na tallafa wa manyan makarantun gwamnati a Najeriya, yana da ƙaramin tallafi da ake kira IBR, wanda ake nema ta hannun kwamitin bincike na jami'arka, da babba na ƙasa, NRF, wanda ake fara shiga da gajeriyar takarda, sai ta wuce a ce ka kawo cikakken furofozal, wato rubutaccen tsarin binciken da kasafinsa. Kuɗin IBR ba shi da yawa, amma amfaninsa ya wuce kuɗin: shi ne shaidarka ta farko cewa an ba ka amana, ka kashe bisa ƙa'ida, ka kawo rasitai, ka buga sakamako. Masu ba da kuɗi na waje wannan shaidar suke fara nema. Ka kuma sani daga farkon 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Mu da ke waje wannan magana tana mana ciwo, domin na baya ne ke biyan bashin da wasu suka ci.

Tunda ka riga ka yi rajistar digiri na uku, abin da ya fi dacewa da kai shi ne tsarin raba ƙafa. Hukumar Commonwealth ta Ingila tana da sukolashif na wata 12 ga wanda ke digiri na uku a ƙasarsa: ka je ka yi amfani da ɗakin gwaji ko laburare, ka dawo jami'arka ta ba ka digirin. Sharaɗin shi ne ka sami malami a Ingila da ya amince a rubuce, tare da amincewar mai duba aikinka na gida. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru na ciki, 'yan Nijar da Chadi ba sa ciki tunda ƙasashensu ba sa ƙungiyar. Hukumar DAAD ta Jamus tana da irinsa, malami ɗaya a gida ɗaya a can, amma ka lura da ƙa'idarsu: yawanci ba sa son a ce an fi shekara 6 da kammala digirinka na baya. Bayan ka gama, gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da shirin Georg Forster, wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara 4 da samun digiri na uku ba. Shekarun nan huɗu gudu suke yi, mutum na fama da makin jarabawa da yajin aiki sai ya farga wa'adi ya wuce.

Duk waɗannan sai da mai masauki, wato malamin da zai karɓe ka a can, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Wasiƙar da ke farawa da kirarin "shahararren farfesa", ta ƙare da roƙon taimako, aka aika wa mutum hamsin a lokaci ɗaya, ba a karanta ta. Wadda ake amsawa ba ta wuce layi goma sha biyu. Ka ambaci takarda ɗaya da malamin ya buga kwanan nan da abin da ka ɗauka daga cikinta. Ka faɗi tambayarka a jimla ɗaya. Ka faɗi abin da ke hannunka wanda shi ba shi da shi: samfurin ƙasa, bayanan asibiti da izininsu, hanyar shiga gidajen malamai masu ajiye littattafan hannu, harshen mutanen da za a yi hira da su. Sannan ka faɗi sunan shirin da za ka nema da ranar rufewa, don ya gane ba aljihunsa kake nufi ba. Ka haɗa shafi ɗaya na tsarin aikin da takardar tarihin karatunka. Ka aika wata huɗu zuwa shida kafin rufewa, in shiru ya kai mako biyu ka tuna masa sau ɗaya.

Yanzu furofozal ɗin kansa. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma sau da yawa a shafin farko yake yanke hukunci. Take irin "Matsalolin ajiyar amfanin gona a Arewacin Najeriya" ya mutu tun daga nan, domin ba tambaya ba ce, fage ne. Ga yadda ake matse shi: buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hana shi iska, sau nawa manomi zai sake amfani da shi kafin ledar ciki ta fara huda, kuma mene ne ke sa wasu 'yan kasuwar hatsi komawa zuba magani? Wannan ana iya auna ta cikin kaka biyu. Ana iya faɗin buhu nawa za a gwada, a ƙauyuka nawa, wa zai ƙirga ƙwaro, a wane wata. Kowace manufa ta zo da hanyarta, kowace hanya ta zo da lokacinta da kuɗinta. Manufa uku sun isa. In ka jera bakwai cikin wata goma sha takwas, ka nuna ba ka taɓa yin aikin ba. Ka rage shimfiɗar tarihi, shafi uku na ma'anar kalmomi al'adar kundin digiri ce, a nan ɓata fili ne. Ka keɓe sakin layi ga abin da zai iya lalacewa: damina ta hana shiga ƙauye, rashin tsaro ya rufe hanya, wuta ta ɗauke samfuri ya lalace a firji, da abin da za ka yi in hakan ta faru. Kada ka ɓoye matsalar tsaro, sun san da ita, abin da suke so su gani shi ne ka tanadi wuri na biyu.

Kasafi kuwa shi ke tona asirin wanda bai shirya ba. Layin da aka rubuta "tafiye-tafiye" da dunƙulallen kuɗi ana soke shi. A rubuta: zuwa sau shida, mutum uku, kwana huɗu-huɗu, hayar mota kaza, mai kaza, masauki kaza. Kayan aiki a haɗa da takardar farashi daga dillali, da kuɗin dako da na kwastan. Ka yi lissafin da kuɗin da za a biya ka da shi, ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranar. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Wanda aka ba tallafi da naira yana jiran sayo na'ura daga waje, a nan aikinsa ya tsaya.

Sai kason jami'a, wato kuɗin wuta da ofis da ma'aikatan lissafi. Kowane mai bayarwa da iyakarsa: hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, kashi 8 cikin ɗari take ba cibiyoyin waje, shirin Horizon na Tarayyar Turai kashi 25, wasu ƙananan gidauniyoyi ba sa ba da ko kwabo. Ka zauna da ofishin bincike da na ma'ajin jami'a kafin ka aika, a yarda a rubuce nawa za su cire, wane asusu kuɗin zai shiga, wa zai sa hannu a fitar. Daga 2015 tallafin jami'o'in tarayya a asusun bai-ɗaya na TSA yake maƙalewa, a 2024 gwamnati ta sanar da cire kuɗin bincike na waje daga ciki, amma kai ka tambayi yadda jami'arka ke yi a aikace. Sa hannun shugaban jami'a ka ba shi mako uku. In aikin ya shafi mutane, ko da hira ce kawai, ka nemi takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, domin ba a sakin kuɗi sai da ita. Masu rubuta maka shaida ka ba su furofozal ɗin su karanta, wasiƙar da ta ce kai mutumin kirki ne mai biyayya ba ta ƙara maka maki.

Ka karanta jerin ƙasashen da suka cancanta kafin ka ɓata wata guda kana rubutu. Wasu shirye-shiryen na ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba ne kawai, Nijar da Chadi da Sudan na ciki, Najeriya ba ta ciki. Kuma ka tsabtace jerin takardunka. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin kwana biyar, ganin sunanta ya fi rashinta illa. Takarda biyu a mujallun da ake tantancewa sun fi ashirin na irin waɗancan. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka tallafi, ko a biya kuɗin fom, ɗan damfara ne.

In har fita gaba ɗaya kake so, yi lissafi da idon basira. A Ingila kuɗin digiri na uku na UKRI, hukumar gwamnati mai tallafa wa bincike, ya buɗe ga 'yan waje, amma ba a wuce kashi 30 na guraben, kuma abin da yake biya kuɗin makaranta ne na ɗan ƙasa. Ka tambaya a rubuce wa zai cike ratar, domin tana kai dubban fam a shekara. Ga kuɗin lafiya na biza, fam 776 kowace shekara ga ɗalibi, da na kowane mai rakiya. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyi.

Ga abokanka na fannin harshe da tarihi, akwai ƙofa da muke ganin ba a ƙwanƙwasa ta yadda ya kamata. Laburaren Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu, EAP, tun 2004: har fam 15,000 na aikin gwaji, har 60,000 na babban aiki. Littattafan ajami da ke cikin adaka gara na ci, takardun alƙalai, wasiƙun sarakuna, duk sun shiga. Ba a fitar da asalin takarda daga ƙasa, hoto ake ɗauka, a bar kwafi a wata ma'ajiya ta gida, a sa wani a intanet. Saboda haka sai masu littattafan sun yarda sun kuma fahimci duniya za ta gani, kuma samun wannan yardar ya fi sayen kyamara wuya, a ware masa watanni. Kaset-kaset da jaridu da hotuna na ƙarni na 20 suna da nasu shirin, MEAP, a jami'ar UCLA. Ƙananan harsunan Bauchi da Filato da ke ɓacewa kuwa shirin ELDP da ke Berlin ke tallafa wa naɗar su, ƙaramin tallafinsu har yuro 10,000.

Koyarwa: shirin Fulbright na Amurka yana ɗaukar matasan malamai su koyar da harshensu na shekarar karatu ɗaya, Hausa na cikin harsunan. Akwai kuma shirin Carnegie da aka fara a 2013, inda jami'ar gida ke neman a turo mata malami ɗan Afirka da ke Amurka ko Kanada, kwana 14 zuwa 90, su gyara manhaja ko su horar da ɗaliban manyan digiri. Sashenku ne zai rubuta buƙatar, kai za ka iya zama mai rubutawar.

Marubuta su duba tallafin gidauniyar Miles Morland, fam 18,000 a shekara da sharaɗin miƙa kalma 10,000 kowane wata, sai dai da Turanci kawai, kuma sai wanda aka taɓa buga aikinsa. Mai rubutu da Hausa ba ya ciki, abin takaici ne ƙwarai. Asusun Prince Claus na ƙasar Holan na ba masu tasowa a fasaha yuro 5,000. Masu fim su duba asusun Hubert Bals na Rotterdam da World Cinema Fund na Berlin, su tanadi kamfani mai rajista, rubutaccen labari da aka fassara, samfurin aikin baya mai fassara a ƙasan hoto, da takardar da ke nuna haƙƙin labarin nasu ne.

In an ƙi ka, nemi bayanin masu tantancewa, ka gyara ka sake aikawa a zagaye na gaba. In an ba ka, buɗe fayil tun ranar farko, kowane rasit da kwanan wata da layin kasafin da ya fito. Kada ka juya kuɗin wani layi zuwa wani sai da izini a rubuce, kuma rahoton tsakiya ya tafi a kan lokaci, domin shi ke sakin kashi na biyu. A makon nan ka matse tambayarka ta koma jimla ɗaya, ka fitar da sunayen malamai uku da ke aiki a kanta, ka je ofishin bincike ka tambayi ranar da za a buɗe IBR na bana. Ka turo mana shafin farkon mu duba. Allah ya ba da sa'a.