Me ake nema a tsohuwar giyar Rioja?

Tambaya: Ina aiki a wani gidan abinci a Logroño, ƙasar Sifaniya. Ni ba na shan giya, amma na ga an buɗe wa baƙi kwalbar jar giyar inabi ta 1964, suka yi ta shinshina kofi kafin su kai baki. Me suke nema? Duk shekarun nan ba ta lalace ba?

Amsa: Ɗan'uwa, a tsakiyar yankin Rioja kake, kuma 1964 na cikin shekarun da masana giyar yankin suka fi yabawa. Sai dai tsufa kaɗai ba ya gyara giya. Yawancinta an yi ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru, in ta daɗe sai ta salance.

Wadda ke jure shekaru ita ce mai tsami da bauri tun tana sabuwa. Baurin daga ɓawon inabin Tempranillo yake fitowa, da kuma itacen gangar da aka ajiye ta, irin wanda goro ke bari a harshe. A dokar Rioja, ba a rubuta Gran Reserva, wato laƙabin giyar da ta daɗe a ajiye, a kwalbar jar giya sai ta shekara 5 a ajiye, aƙalla 2 daga ciki a gangar itacen oak mai lita 225. Tsofaffin gidajen yin giya irin su López de Heredia, da aka kafa a 1877 a garin Haro, sukan wuce haka nesa ba kusa ba. Iska kaɗan-kaɗan ke ratsa itacen, baurin ya yi laushi, tsamin kuma ya riƙe giyar kada ta mutu. A ganina tsamin nan ne ƙashin bayanta.

Shinshinar da ka gani ita ce rabin aikin. Ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya tafi tuni. Abin da suke nema shi ne ƙamshin jemammiyar fata, ganyen taba, busasshen ɓaure da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Launin ma yakan koɗe, gefen kofi ya koma ruwan jan bulo. Duk wannan ido da hanci ke gane shi.

Takan lalace kuwa. Dubi wuyan kwalbar: in giyar ta sauka ƙasa da kafaɗa, iska ta shiga ta toshiya. Warin ruwan tsami ko na jiƙaƙƙen kwali alamar ta tashi aiki ce.

In an sa ka hidimarta, ka tsayar da kwalbar kwana ɗaya ko biyu lakar da ta taru a cikinta ta kwanta a ƙasa, don a kwance ake ajiye ta. Ka zare toshiyar a hankali, tsohuwa ce, tana iya marmashewa. Ka tsiyaye a tulun gilashi kusa da haske, da ka ga laka ta iso wuya ka tsaya. Kuma kada a buɗe ta tun da wuri, domin irin wannan giya kan rasa ƙamshinta ba da jimawa ba bayan ta sha iska.