Muryar malam a wayar uwa: yadda yaran zangon Kumasi ke koyon harsuna

Yaya, na ga tambayarka. Ka ji an ce ina ba ɗalibaina aikin gida ta WhatsApp, shi ne kake tsoron kada waya ta ƙarasa cinye 'yar Hausar da ta rage a bakin 'ya'yanmu. Bari in fara nuna maka nauyin da ke kan harshen yaron zango tukuna.

Yaron da aka haifa a Aboabo ko Asawase da Hausa yake tashi. Da ya fara zuwa aike kasuwar Kejetia sai ya tsinci Tuwi, harshen Asante, waɗanda kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa. A makarantar boko Turanci ne harshen karatu da jarrabawa, kuma dole ya zauna ajin ɗaya daga cikin harsunan ƙasa da gwamnatin Gana ta amince a koyar. Hausa ba ta cikinsu, don haka a nan Kumasi Tuwi yake rubutawa. Ga Larabci kuma. Tun 1987 da aka buɗe sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu da yawa suka haɗa Arabiyya da boko a inuwa guda, a 2024 kuma Larabci ya shiga jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. Harsuna huɗu ke nan a kan yaro ɗan shekara goma sha biyu, alhali lokacin da nake da shi a aji bai isa kowa ya buɗe baki sau biyu ba.

Mu ba ma barin ɗalibi ya shigo makaranta da waya. Wayar uwarsa ce ke aikin, da dare. Bayan magariba nakan karanta jimla biyar ko shida na Larabci in tura a zauren iyaye, yaro ya saurara, ya maimaita, ya turo mini muryarsa. A nan nake kama abin da aji ke ɓoye mini. Idan yara arba'in suka ɗauki karatu tare, mai kuskure yakan fake cikin hayaniya, amma a saƙon murya shi kaɗai ne da harshensa. Akwai yarinyar da ta yi shekara a ajina ban san sautin muryarta ba saboda kunya. A waya sai ga ta tana fitar da harafin ainun fiye da kowa. Uwarta ta ce sai ta ɗauka sau goma ta goge kafin ta turo guda. To ai wannan gogewar ita ce karatun.

Manhajojin da ake ta yayatawa kuwa, amfaninsu a wurinmu da sauƙi. Duolingo na koyar da Larabci, amma ta hanyar Turanci, ka ga sai yaro ya haye kogi ɗaya kafin ya isa bakin na biyu. Google Translate ya san Hausa tun 2013, Tuwi kuma ya shigo a 2022, yara na duba kalma a ciki, ban hana ba. Abin da na hana shi ne kwafa. Wani ya taɓa kawo mini insha'i tsaf, babu kuskure ko ɗaya, na ce ya karanta mini layin farko, sai ya tsaya yana kallon silin. Tun ranar, duk abin da ka rubuta sai ka faɗe shi da bakinka.

Batun Hausa kuma, Yaya, abin ya zo akasin tsoronka. Ka san irin tamu: ba ma raba mace da namiji, muna cewa “yarinya ya zo”, ɗ da ƙ kuma sun daɗe da miƙewa a bakinmu. Ka tuna dariyar da kuka yi mini a Kano da na ce “kofa”. Lokacin babanmu, Hausar ƙasar Hausa sai a rediyo, BBC da safe da dare, sai bakin baƙo in ya sauka. Yanzu 'yata tana kallon finafinan Kano a YouTube, tana musayar murya da 'ya'yanka, har ta fara gyara mini magana, wai “ta zo” ake cewa. Ina bari ta gyara, amma na gaya mata tamu ma ba gurguwa ba ce, da ita Dagomba da Mosi da Kotokoli ke ciniki da juna a zango.

Wahalar dai ita ce kuɗin data, da gidan da waya ɗaya ce tak, uwa kuma ta fita da ita kasuwa tun asuba. Irin waɗannan yaran nakan tsayar da su bayan an tashi, su yi nasu a tawa. Idan za ka taimaka, ka sa Inna ta ɗauki tatsuniya biyu a waya ka turo, yaran gidan nan ba su taɓa jin Gizo da Ƙoƙi daga bakin tsohuwa ba.