Lasisi Ɗaya, Jihohi Da Yawa

Tambaya: Ɗana jami'in kula da numfashi ne a wani asibiti a Amurka, yana kula da marasa lafiya da ke kan na'urar taimakon numfashi. Zai koma wata jiha, sai aka ce dole ya nemi sabon lasisi. Ashe ba ƙasa ɗaya ba ce?

Amsa: Hajiya, ƙasa ɗaya ce, amma a Amurka jihohi ne ke ba da lasisin wannan sana'a, ko da yake jarrabawar ƙwarewa ta NBRC, hukumar tantance jami'an kula da numfashi, ɗaya ce a faɗin ƙasar. Saboda haka wanda ya sauya jiha sai ya sake cike takardu, ya biya kuɗi, ya jira, alhali ga majinyata kwance suna buƙatarsa. Wannan matsala ta fito fili lokacin annobar korona a 2020, har jihohi da dama suka sassauta dokokinsu na wucin gadi.

Shi ya sa ƙungiyar jami'an kula da numfashi, AARC, tare da Majalisar Gwamnatocin Jihohi (ƙungiyar haɗin gwiwar jihohin Amurka) da tallafin Ma'aikatar Tsaro, wadda iyalan sojojinta ke yawan ƙaura, suka tsara yarjejeniyar da za ta ba mai lasisin jiharsa izinin aiki a sauran jihohin da suka shiga. An tsara cewa sai jihohi 7 sun mayar da ita doka kafin ta fara aiki, don haka ma'aikatan suka riƙa zuwa gaban 'yan majalisun jihohi suna bayani. A ganina sun cancanci a saurare su, domin ma'aikatan jinya (nas-nas) sun samu irin wannan tsari tun 2000.

Kafin ya tashi, ɗanki ya tuntuɓi hukumar lasisi ta jihar da zai koma, ya miƙa takardunsa da wuri.