Ku Tambaya Mu Amsa: Me sojan Amurka ke yi a ƙauyen Faransa in ba ya bakin daga?

TAMBAYA: Malam, sannu da aiki. Gidanmu na kusa da barikin horas da kuratan soja a nan Zariya, kullum da asuba gudunsu ke tashe mu. Shi ya sa nake tambaya: sojojin Amurka da aka kai Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, harbi suke ba dare ba rana, ko suna samun sararawa? A ina ma suke kwana?
Daga mai karatu, Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, sannunka dai. Gaskiyar magana, jira da aikin ƙarfi sun fi harbi yawa a rayuwarsu.

Amurka ta shiga yaƙin ne a Afrilun 1917, kafin a tsagaita wuta a 11 ga Nuwamba 1918 kuwa ta tura soja kusan miliyan 2 Faransa, ƙarƙashin Janar Pershing. Daga tashar jirgin ruwa sai a loda su a taragon kaya, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na mutum 40 ne ko doki 8.

Bariki bai ishe su ba, sai aka rarraba su gidajen manoma, musamman a yankin Lorraine da ke arewa maso gabashin Faransa. Hafsa ya samu ɗaki da gado. Ƙaramin soja kuwa sai saman ɗakin dabbobi, ya shimfiɗa bargo a kan harawa, shanu na tuƙa a ƙasansa, kwarkwata na cin rabonta. Ga sanyin hunturun 1917 da ya gasa musu aya a hannu. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne tsibin taki a ƙofar kowane gida. Su ƙazanta suka gani. Manomin kuwa, kamar namu na wajen Giwa ko Soba, dukiyarsa ce ya jibge inda kowa zai gani. Ni dai ina bayan manomin.

Da safe fareti da atisaye, sai haƙa ramuka. Abinci naman gwangwani da busasshen biskit mai karya haƙori, shi ya sa dala 33 ɗin da ƙaramin soja ke karɓa a wata take zurarewa wajen sayen ƙwai da madara da giya a hannun matan ƙauye, ciniki kuma da yatsu, don ba mai jin yaren wani.

Da yamma sai rumfar YMCA, wata ƙungiyar matasa Kirista mai yi wa sojoji hidima, inda ake ba da takardar rubuta wasiƙa kyauta. Amma sai hafsa ya karanta wasiƙa kafin ta tafi, ba a kuma yarda ka faɗi garin da kake ba, sai dai ka rubuta "wani wuri a Faransa". Akwai karta da caca, da ƙwallon besbol a kowane fili, matan ƙungiyar agaji ta Kirista, Salvation Army, na soya musu wani irin fanke. Jaridarsu, Stars and Stripes, ta fara fitowa a Fabrairun 1918, watan da aka buɗe musu wurin hutu a garin Aix-les-Bains.

Baƙaƙen fata a cikinsu kuwa a ware aka ajiye su, akasarinsu dako da gyaran hanya aka sa su.